Jatau Marini da Ramuka Uku

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari can cikin ƙasar nan tamu, tun zamanin da ba a san yadin kanti ba, sai abin da masaƙi ya saƙa marini ya rina. Kada ku tambaye ni sunan garin, ba shi muke nema ba. Sunan mutumin dai Jatau. Marini ne, ubansa ma marini. Na baya ku matso, masu hira ku dakata tukuna, ku saurara. Ina so kowa ya koma gida da labarin nan.

Jatau mutum ne ja kamar yadda sunansa ya nuna, gajere, ba shi da yawan magana. Amma hannuwansa, daga yatsu har gwiwar hannu, baƙi ƙirin suke saboda rini, ko ranar Sallah ba ya fita. Ubansu ya rasu ya bar musu ramukan rini uku a karofi, shi da yayarsa Tabawa. Karofi, don yaran yanzu da ba su tarar ba, shi ne filin da marina ke haƙa ramukansu, kowa da nasa, a zuba ruwa da toka da baba, a yi ta motsawa har ruwan ya nuna. Baban nan kuwa ba wanda ya haife ka nake nufi ba, ganyen da ake rini da shi nake nufi.

To, Allah ya ba Jatau hannu. Zai tsoma yatsa a rami ya ɗanɗana, ya ce, "Wannan yana son toka," ko ya ce, "Wannan a bar shi ya huta kwana biyu." Kuma haka ɗin ne. In ya rina maka zane, sai ya tsufa ya yage launinsa na nan. Fatake in sun sauka garin, sai su ratsa ramuka sittin, su wuce kowa, su je su tsaya a kan ramukan nan uku.

Cikin waɗanda ake wucewa har da Sarkin Marina na lokacin, wani dattijo ana ce masa Barau. Ramukansa goma sha biyu, ga gida, ga iyali, ba abin da ya rasa. Amma kun san halin zuciya. Ba ta duban goma sha biyun da ke hannunta, ukun da ke hannun wani take kallo.

Wata safiya aka tashi, ramukan Barau biyar sun mutu. Ruwan ya yi tsami, zannuwan wani falke da ke ciki suka fito jeme-jeme, ba su rinu ba, ba su kuma koma yadda suke ba. Kafin hantsi magana ta kai gaban Maigari. Sai wani mutum mai suna Cindo, wanda aikinsa ɗebo wa marina ruwa ne, ya tashi ya rantse. Ya ce da idonsa ya ga Jatau bayan sallar asuba yana tuttula ruwan tsamiya a ramukan Sarki.

Maigari ya ce, "Jatau, ka ji abin da aka ce."

Jatau ya ce, "Ranka ya daɗe, na ji. Allah ya sani ban yi ba."

"Kana da mai shaida?"

"Ba ni da kowa sai Allah."

Aka yanke hukunci. Aka karɓe ramukan nan uku aka ba Barau a madadin ɓarnar da aka ce an yi masa, aka kuma ce kada Jatau ya ƙara taka karofi.

Kada wani ya ce bai ji zafi ba. Ya ji, jama'a, ya ji. Mutum ne kamar ku. Kwana uku yana zaune a zaure, ko abinci ba ya taɓawa. Yayarsa Tabawa kuwa, mai sayar da fura ce, mace ce da ba ta ajiye magana a ciki. Ta je ƙofar gidan Barau ta tsaya, ta yi ta faɗa har muryarta ta dishe. A rana ta huɗu Jatau ya tashi ya wanke fuska, ya shiga cikin gida ya ce wa matarsa, "Ki ɗaure mana kaya. Ruwa ya kusa sauka. Akwai gonar kakana na wajen uwa a ƙauye, ta daɗe ba mai noma ta."

Matar ta ce, "Maigida, kai da ba ka taɓa riƙe fartanya ba?"

Ya ce, "To, bana zan riƙe."

Shekarar farko mutanen ƙauyen sun sha dariya. Huɗarsa a karkace, hannuwa duk bororo, dawar da ya samu ba ta kai su bazara ba, sai da maƙwabta suka taimaka. Amma a gefen gonar ya shuka ɗan baba, shi kuma ya yi kyau. Don shi tun ganyen yana tsaye ya san wanda zai ba da launi da wanda ba zai ba da komai ba. Kowace shekara sai ya zaɓi waɗanda suka fi kyau ya bar su su yi iri. Shekara ta uku huɗar ta miƙe. Shekara ta biyar ya gina rumbu na biyu. Aka daina ce masa Jatau marini, aka koma ce masa Jatau mai baba. Jakuna suka fara zuwa daga garuruwa ana saye. Har marinan garin da aka kore shi suna aikowa. Ku ji da kyau: bai taɓa cusa musu kara ko yashi a cikin kaya ba. Abin da zai ba baƙo, shi yake ba su.

Ya zauna lafiya, wallahi ya zauna lafiya. 'Ya'yansa suka girma, ya aurar, ya ga jikoki. In ya dawo daga gona ya yi wanka, sai ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, a kawo masa kunu, maƙwabta su taru ana hira. Wanda bai san labarinsa ba, ba zai ce an taɓa cutar mutumin nan ba.

Tabawa ce kawai ke zuwa da labarin duk Sallah. Ba ta gama sauke kaya ba za ta fara: "Ka ji Barau ya yi kaza? Ka ji wanda yake ci a ramin ubanmu yanzu?"

Sai ya ce, "Yaya, kin sha ruwa kuwa? Sha, ki tashi mu je ki ga gonar."

Wata rana ta gaji ta ce, "Kai wai ba ka da zuciya ne?"

Ya ce, "Ina da ita, Yaya. Ɗaya ce tak, kuma ƙarama. In na ba Barau ita ya zauna a ciki, da me zan yi tunanin shukar bana?"

Ta yi tsaki, ta ce, "Allah ya shirye ka." Amma ta bi shi gonar.

Haka aka yi shekara goma sha biyu.

A can gari kuwa karofi sai lalacewa yake yi. Tunda aka ga an cuci mutum ɗaya an zauna lafiya, kowa ya daina yarda da ɗan'uwansa. Marina suka rabu gida biyu, na gabas da na yamma, ba sa ko gaisawa. Gyaran rami aikin gayya ne, mutum ɗaya ba ya iyawa, sai ramuka suka yi ta tsagewa ba mai gyarawa. Fatake suka sauya hanya. Barau ya tsufa ya rasu, Allah ya jiƙan musulmi. Aka yi wata takwas ba a naɗa wani ba, don in na gabas sun kawo mutum na yamma su ce ba su yarda ba, in na yamma sun kawo na gabas su tashi su bar wurin.

Maigarin da ya yi wancan hukunci shi ma ya riga mu gidan gaskiya, ɗansa ne a kai. Da abin ya ishe shi, sai ya tura dattawa biyu ƙauye, ɗaya daga kowane ɓangare. Suka tarar da Jatau yana sharar gona, don bazara ce. Suka gaisa, suka faɗi abin da ya kawo su: Maigari yana so ya dawo ya zama Sarkin Marina.

Jatau ya jingina da ƙotar gatarinsa, ya ce, "Duk marinan garin nan, me ya sa sai ni?"

Ɗayan ya sunkuyar da kai, ya ce, "Gaskiya, don kai kaɗai ne ba ka cikin rigimar. Ba ka nan aka yi ta."

Jatau ya yi dariya har da hawaye, ya ce, "Ashe korar ta yi rana."

Bai so barin gonarsa ba, ina gaya muku. Ya nemi kwana biyu, ya roƙi zaɓin Allah, ya yi shawara da matarsa. Sannan ya danƙa gonar a hannun babban ɗansa, ya hau jaki ya koma garin da aka kore shi. Ya sauka a zauren yayarsa Tabawa.

Ranar Juma'a aka naɗa shi. Asabar da hantsi ya tara marina kaf a gindin ceɗiyar da ke tsakiyar karofi. To, nan ne jarrabawar take. Ku saurara.

Bai buɗe baki ba sai ga wani tsoho ya miƙe yana dogara sanda, ido ya yi rauni. Cindo ne, mai ɗebo ruwan nan da ya yi rantsuwa. Ya ce, "Sarki, ina da magana kafin ka fara. Shekara goma sha biyu ina ɗauke da ita, ta hana ni sakat. Ban ga komai ba. Ranar nan ko karofi ban zo da asuba ba. Marigayi ne ya kira ni ya ce in faɗi haka. Tokar da ya zuba ce ba ta da kyau, ya ji tsoron falken. Ni kuma na ji tsoron kada ya hana ni ɗibar ruwa. Ga ni, ka yi yadda ka ga dama da ni."

Wuri ya kaure. Wasu na cewa a ja Cindo gaban alƙali. Wasu na nuna Mijinyawa, babban ɗan Barau, magidanci ne a lokacin mai 'ya'ya biyar, yana zaune can gefe, kansa a cikin gwiwa. Wani ya tashi ya ce, "In dai tone-tone za a yi, ni ma shekara bakwai da suka wuce wane ya ce mini kaza." Wancan ya ce, "Kai ka fara, ranar sunan ɗan wane." Kowa ya jawo tasa tsohuwar. Ga shi rawani yana kan Jatau, ga gaskiyarsa ta fito a bainar jama'a, ga Maigari a bayansa. Da ya ɗaga yatsa ɗaya, da gidan Barau ya watse a ranar.

Wanda na ji labarin nan a bakinsa ya ce Jatau bai ɗaga yatsan ba. Ya ce a miƙo masa buta. Ya wanke fuska, ya kurɓi ruwa, ya jira har hayaniyar ta gaji don kanta.

Sannan ya ce, "Cindo."

"Na'am, Sarki."

"Na ji. Na gode da ka faɗa tun muna raye ni da kai. Na yafe maka duniya da lahira. Zauna, kada ka faɗi."

Sai ya juya ga jama'a ya ce, "Ina da tambaya. Ramuka nawa ne a karofin nan ke riƙe ruwa yau?"

Jama'a, mutanen da suka haddace wanda ya zagi wane shekara bakwai da suka wuce, da ranar, da wurin, ba ɗaya a cikinsu da ya san amsar tambayar nan.

Ya ce, "To, ku tashi mu duba."

Suka bi shi rami-rami, yana leƙawa, yana ƙwanƙwasa bango da sanda. Wani ramin ƙadangaru sun tare a ciki. Wani har tumfafiya ta fito. Cikin sittin, ashirin da ɗaya ne masu rai. Suka dawo gindin ceɗiya kowa jikinsa ya yi sanyi.

Ya ce, "Kwana nawa ya rage ruwa ya sauka?"

Wani dattijo ya ce, "Bai fi arba'in ba."

Ya ce, "In ruwa ya sauka a kan tsagaggun ramukan nan, ƙasa za ta rufta a ciki, shi ke nan 'ya'yanku sai su nemi wata sana'a. Ga abin da zan ce. Duk wanda wani abu nasa yake hannun wani, abin da ake gani a taɓa, ya zo ranar Alhamis, ni da ƙafata zan raka shi wajen alƙali. Haƙƙi ba a wasa da shi. Amma wane ya ce mini, wane ya harare ni, wane bai zo gaisuwar uwata ba, wannan ba ni da kwanan da zan ba shi a cikin arba'in ɗin nan. Gobe bayan asuba kowa ya zo da kwando."

Washegari da sassafe, kafin a fita, aka yi sallama a zauren Tabawa. Mijinyawa ne, ɗan Barau. Ya durƙusa, ya ce, "Baffa, na zo in yi maka sallama. Zan kwashe iyalina in bar garin. Ramukanku uku na fitar da kayana daga ciki tun jiya."

Jatau ya ce, "Ka san abin da mahaifinka ya yi a lokacin?"

"Wallahi ban sani ba sai jiya. Amma na ci daga ramukan nan, 'ya'yana ma sun ci. Da wane ido zan dubi mutane?"

Jatau ya ce, "Jiya na ga wani rami can gabas, lasonsa yana sheƙi kamar tangaran, ko tsaga ɗaya babu. Wa ya yaɓe shi?"

Laso, shi ne sumuntin mutanen da. Dattin da ke kwanciya a gindin ramin rini ake kwashewa, a ƙona, a daka, a kwaɓa da gashin dabba, a yaɓe bangon rami da shi don kada ruwa ya tsiyaye. Ba kowa ya iya ba.

Mijinyawa ya ce, "Ni ne, Baffa."

"To, kai za ka tafi ka bar ni da ramuka talatin da tara a tsage? Ni shekara goma sha biyu rabona da laso. Ba inda za ka. Daga yau kai ne shugaban gyara. Maganar ramuka kuma, uku ne. Biyu nawa ne a gado, ɗaya na Yaya Tabawa. Nawa biyun ka ci gaba da aiki a ciki, na ba ka halak malak, ni ina da gona. Na ukun ba nawa ba ne, ba ni da ikon bayarwa. Sai ka tambayi mai shi."

Ba a kai ga tambayarta ba. Ashe tana bayan asabari tana ji. Ta fito da ludayi a hannu, ta ce, "Ni ban bayar ba! Ni ba Jatau ba ce. Shekara goma sha biyu ɗana yana motsa ramin wasu kamar wanda ba shi da gado. Yau ɗin nan za a nuna masa ramin kakansa, a gaban mutane."

Mijinyawa ya ce, "Gaskiyarki, Gwaggo. Abin da muka ci a ciki kuma fa?"

Ta dube shi, ta dubi ƙanenta, ta ce, "Wannan na yafe. Ba don halinka ba, don kada wannan ya dame ni da wa'azi." Ta koma ciki. Can sai ga ta da ƙwaryar fura, ta dire a gabansa, ta ce, "Sha. Mutum ba ya kwaɓa laso da yunwa."

Ku lura da wannan, 'yan'uwa. Nasa ya yafe. Bai yafe na wani ba. Akwai masu kyauta da haƙƙin mutane su ce wai haƙuri suke koyarwa. Jatau bai yi haka ba.

Aka shiga aiki. Ba kowa ya ji daɗi ba, ba zan ɓoye muku ba. Akwai waɗanda suka zaci yanzu lokacinsu ya zo. Wani ya same shi a keɓe, ya rage murya, ya ce, "Sarki, ni fa na riƙe sunayen duk waɗanda suka yi maka ihu ranar da aka kore ka."

Jatau ya ce, "Su nawa ne?"

"Goma sha bakwai."

"Akwai masu ƙarfi a ciki?"

"Akwai mana."

"Madalla. Muna neman masu daka. Ka gaya musu su zo gobe da taɓare. Kai ma ka zo da taka, ni ma zan zo da tawa."

Kuma ya zo. Da rawaninsa, da furfurarsa, ya tsaya a tsakiyarsu yana daka. Ya haɗa na gabas da na yamma a rami ɗaya, wannan yana ciki yana yaɓe, wancan yana sama yana miƙo masa. Kwanakin farko ba sa magana sai "miƙo" da "karɓi". Kafin sati biyu aka ji su suna tsokanar juna.

Ruwa bai jira arba'in ba, a kwana na talatin da shida ya sauka. An gyara talatin da ɗaya, takwas suka rufta. Nan take wasu suka fara cewa laifin su wane ne da suka yi sanyin jiki. Jatau ya ce, "Takwas ɗin sun tafi. In damina ta wuce za mu haƙa sababbi. Yanzu ƙasa ta jiƙe, ga abin da ke gabanmu." Ya sa aka kawo jakuna daga ƙauye ɗauke da irin baban nan da ya shekara goma sha biyu yana zaɓa. Ya raba wa kowane gida, na gabas da na yamma, gidan Barau da gidan Cindo, ba wanda aka tsallake. Ya ce kowa ya shuka a gefen gonarsa, don kada su ƙara dogara da wani, ko da shi ne.

Shi kuwa Cindo, mutane suka ƙaurace masa, ƙarfin ɗibar ruwa kuma ya ƙare. Jatau ya sa masa tabarma a wajen shanya, ya ce aikinsa korar awaki kada su taka zannuwa, kuma kowane marini ya san da shi a abincin rana. A nan ya zauna har Allah ya karɓi ransa a shekara ta biyu. Jatau na cikin waɗanda suka ɗauki makararsa.

A shekara ta uku fatake suka dawo. Wannan karon ba ramuka uku suke nema ba, duk inda suka tsaya rini mai kyau ne. Karofi ya cika da zannuwa a shanye, ba ka jin komai sai ƙarar bugun zannuwa da raha. Mutanen garin suka ce tun da suke ba su ga irin wannan wadata ba.

Shekara tara ya yi yana riƙe da su. Bai taɓa buɗe taro da cewa "lokacin da aka kore ni" ba. Bai taɓa cewa "wanda na gada shi ya ɓata" ba. In an ambaci Barau a gabansa, sai ya ce, "Allah ya gafarta masa," ya ci gaba da maganar da ake yi. Da ya ji gwiwa ta fara ƙin tashi, sai ya tara su ya ce, "Ku zaɓi wanda zai gaje ni tun ina da rai, in zauna kusa da shi shekara guda. Ba na so in mutu ku sake yin wata takwas kuna hararar juna." Suka zaɓi wani daga cikin magidantansu, ba ɗansa ba, ba ɗan Barau ba. Ya zauna da shi shekara, sannan ya koma ƙauye wajen jikokinsa. A can ya cika, cikin rufin asiri, yana da shekaru masu yawa. Da labari ya iso gari, Mijinyawa ya fita da ƙafa bai ko jira jaki ba, kuma shi ya yi masa wanka.

To, jama'a, kun ji labarin Jatau. Ga abin da nake so ku riƙe. Jiya ta fita daga hannunka, ba ka iya ƙara mata komai, ba ka iya rage mata komai. Abin da za ka yi da ita uku ne: in kai ka yi laifi ka tuba, in haƙƙin wani yana hannunka ka mayar, in darasi ne ka ɗauka. Bayan wannan, ka juya fuskarka gaba, don a can ne aikin da Allah zai tambaye ka yake.

Na san akwai mai zaune a nan, shi da ƙanensa uwa ɗaya uba ɗaya, shekara goma ba sa magana saboda iyakar gona. Kuna can kuna gaba, 'ya'yanku sun tashi ba su san juna ba. Akwai maigidan da duk ranar da aka yi saɓani sai ya jawo wa matarsa maganar da ta yi tun ɗansu na fari yana goye, yaron nan yanzu har ya yi gemu. Akwai matar da ita ma haka take yi. Ba ku gaji ba?

Ku kuma da aka ba ku riƙon jama'a, mai unguwa ne kai, ko shugaban 'yan kasuwa, ko na kwamitin masallaci, ko babban wa a gida, da ku nake. Ba a ɗora ka don ka rama ba. Ba a ɗora ka don ka shekara kana ba mu labarin ɓarnar wanda ya gabace ka ba, mun sani, muna nan aka yi. Abin da muke so mu ji daga bakinka shi ne, me ya lalace, kwana nawa ya rage mana, wa ya iya gyarawa. In wanda ya iya ɗin ɗan abokin gabarka ne, ka kira shi. Shugaban da ya fi sanin laifin mutanensa a kan abin da suka iya, bai fara shugabanci ba tukuna.

Ba na ce abu ne mai sauƙi ba. Zuciya za ta tafasa. In haka ta faru, ka nemi ruwa ka sha, ka yi shiru, ka bar ta ta sauka kafin ka yi magana.

Yanzu kowa ya san sunan da ya faɗo masa a rai tun da na fara maganar nan. Ba sai ka gaya mini ba. In mun idar da salla, kada ka bi hanyar da ka saba bi don ka kauce wa ƙofar gidansa. Ka bi ta ƙofar, ka yi sallama.

Allah ya wanke mana zukatanmu, ya ba mu ikon yafe wa juna, ya sa gobenmu ta fi yau kyau. Ku ce amin.